Mahaifiyata Mai Doya Ce, Ba Mayya Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan fim ɗin da ya ci kyauta a bikin nuna finafinai da aka yi a Jalingo, tare da sanarwa ga Shugaba da alƙalan kwamitin bikin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka da yaran aikinka. Ina kuma yi maka barka da kyautar da aka ba ka, domin haka tarbiyya ta ce a yi, ko da zuciya ba ta so.

Sunana Rifkatu. Ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a nan Jalingo, ina zaune a Majidaɗi da mijina da 'yata Hannatu da ƙanena Yohanna. Ba ka san ni ba, amma ka san fuskar mahaifiyata, Mama Saratu, domin ita ce a bayan kwalin kaset ɗinka, ita ce kuma a takardun da aka manna a bangon tasha. Ba zan rubuta sunanka ko sunan fim ɗin ba. Ba tsoro nake ji ba. Ba na so ne wasiƙata ta zama talla, wani da bai gani ba ya je ya nema. Duk wanda ke Jalingo ya san fim ɗin da nake nufi, kai ma ka sani.

Kafin in kawo maganar nan jarida, sai da na je wurin wakilinka mai sayar da kaset a bakin kasuwa. Abin da ya faɗa mini yana ƙasa. Ga ƙorafina.

Na ɗaya, yadda aka ɗauki hotonta.

A ranin bara, wajen lokacin da doya ke fara tsada, yaranka suka shigo kasuwa da kyamara. Mama tana zaune a layin masu doya, inda take zama tun kafin a ba mu jiha. Tsohuwa ce mai hakiya a ido ɗaya, tana kuma shan lofe kamar yawancin tsofaffin garinmu. Suka tsaya a kanta. Suka ce mata shiri ne ake yi don a nuna wa duniya kasuwar sabuwar jiha da mutanenta. Ta ce su jira ta aika gida a kawo mata zanen zumuntar mata, wanda take zuwa majami'a da shi. Suka ce a'a, tsohon zanen da ke jikinta ya fi kyau. Suka ce ta cire ɗankwali, wai yana tare haske. Ta cire. Ranka ya daɗe, ni da ta haifa ban cika ganin furfurarta a waje ba, amma ta buɗe ta a tsakiyar kasuwa don ta ɗauka aikin gwamnati ne.

Suka ce ta busa hayaƙi, ta busa. Suka ce ta nuna kyamara da yatsa, ta nuna. Suka ce ta yi magana, duk abin da ta ga dama, ta yi. Ɗaya daga cikinsu ya gwada gaishe ta da harshen Mumuye, ya kwaɓa gaisuwar ta koma wani abu dabam, ta fashe da dariya har da hawaye. Wannan dariyar ma aka ɗauka.

Da ta dawo gida ranar, har rawa ta taka a tsakar gida. Ta ce wa Hannatu, "Kakarki ta shiga talabijin. In ya fito, ki kira 'yan ajinku su zo su gani." Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji labarin. Ba a ba ta takarda ba, ba a gaya mata labarin fim ba, babu wanda ya furta kalmar fim a gabanta. Masu doya da ke gefenta suna nan da rai, a tambaye su.

Da ruwan farko ya sauka, ciwon ƙirji ya kama ta. Bai ɗauki lokaci ba. Muka kai ta ƙauye muka binne ta a gindin dutsen da aka haife ta. Ba ta taɓa shiga ɗakin mai hoto ba a rayuwarta, don haka ba mu da hotonta ko ɗaya. Muka riƙa lallashin juna da cewa ai akwai wancan shirin na kasuwa, wata rana zai fito mu gan ta.

Na biyu, ranar bikin.

An raba katin gayyata a ofishinmu, aka ce za a nuna sabon fim da aka ɗauki wani ɓangarensa a Jalingo. Zuciyata ta ba ni cewa shi ne. Na roƙi ƙarin kati. Na yi wa Hannatu kitso, Yohanna ya rufe garejinsa na gyaran babur tun azahar, ya ɗauko yarinyar da zai aura daga Yelwa don ta ga surukar da ba ta samu gani sosai ba. Bayan la'asar muka shiga zauren. Na gan ka a kujerun gaba cikin farar malum-malum, ana ta miƙo maka hannu.

Aka rufe tagogi, aka tayar da janareto. Labari ya fara: wata amarya a babban gida, ɗanta yana rashin lafiya, asibiti ya kasa. Aka ce wata tsohuwa ce a bayan dutse ta kama kurwarsa. Sai allon ya koma ja. Aka ji haushin karnuka. Sai ga Mama.

Hannatu ta miƙe tsaye a kan kujera ta ce, "Ga Kaka!" Ba ta gane ba tukuna. Ni ma sai da na ɗauki ɗan lokaci. Ina kallon zanenta da na sha wankewa, da tabon ƙuna a bayan hannunta, da hayaƙin lofenta. Ta ɗaga yatsa ta nuna mu. Bakinta ya motsa, amma muryar da ta fito ba tata ba ce. Wata murya ce mai kaushi kamar ana jan kwano a kan siminti, tana lissafa yaran da ta cinye. Sannan dariyar nan ta kasuwa ta fito, an ja ta, an rage mata gudu, an ninka ta har tana amsawa a bango.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Ai tsohuwar nan ce mai doya! Ashe!" Zauren ya ɗauki hayaniya. Wasu na dariya, wasu na salati. Wata mata da ke gabanmu ta waiwayo ta dube ni, ta dubi Hannatu, ta janye ɗanta zuwa ɗaya gefen.

Ban tashi ba. Haka na zauna har ƙarshe, inda aka nuna wata daga baya, sanye da zane irin na Mama, samari sun kewaye bukkarta sun cinna wuta. Jama'a suka yi ta tafi. Kai ma na ga ka juyo kana murmushi kana ɗaga musu hannu. Matar da na rufe wa ido da hannuna, na tsaya a kan kabarinta, ita aka ƙona a gabana ana shewa.

Na uku, ra'ayina game da fim ɗin kansa, tunda an ce bikin na masu ra'ayi ne.

Ni ba masaniyar fim ba ce, amma na kalli naka fiye da alƙalan da suka ba shi kyauta, kuma zan faɗi abin da na gani. Labarin ba shi da ƙashi. Yaro ya yi ciwo, an zargi tsohuwa, an ƙona ta, yaro ya tashi ya sha koko. Babu wanda ya tsaya ya yi shakka, babu wanda ya tambayi ko tana da 'ya'ya. Sandar makirufo tana leƙowa daga saman allo a wurin da uwar yaron ke kuka. Kiɗa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Likitan da ke cikin fim ɗin ya riƙe abin auna ƙirji a juye. Duk waɗannan da sai in yi dariya in wuce.

Abin da ba na dariya ba shi ne wannan: duk mutumin kirki a fim ɗinka yana magana da Hausa mai santsi irin ta rediyo, duk mugu kuwa yana magana da irin Hausarmu, wadda ke kiran mace "shi". Duwatsunmu ba su fito ba sai in za a nuna inda sharri ke kwana. Kun zo garin da Bafulatani da Bamumuye da Bajukune ke ciniki da harshe ɗaya, kowa da karkacewar bakinsa, kuka ɗauki karkacewar kuka mayar da ita alamar mugunta. Kuma mu muka cika zauren muna tafa muku.

Ga alƙalan biki kuma, na ji da kunnena lokacin da ɗayanku ya tashi yana yabon tsohuwar, wai ba a taɓa ganin wadda ta iya fitowa a mayya kamarta ba, wai kamar ba wasa take yi ba. Gaskiya ya faɗa, ba wasa take yi ba. Ciniki take yi. Da ɗayanku ya tambayi sunanta, da ya ga babu shi a jerin sunayen da suka wuce a ƙarshe. Akwai sunan direba, akwai sunan mai dafa abinci. Kun ba da kyauta saboda fuskar da ba ku tambayi mai ita ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Nan ne nake roƙon ka karanta a hankali.

Wataƙila a inda ka fito kalmar mayya abin tsoratar da yara ce kawai. A nan ba haka ba ne. A nan mutane sun yarda ana shan abin a nono, daga uwa zuwa 'ya. Wato da ka sa wa Mama wannan suna, ni ka sa wa, ka kuma sa wa Hannatu.

Hannatu tana aji uku. Da can ita da ƙawayenta kwano ɗaya suke ci a lokacin tara. Yanzu in ta buɗe nata sai su tashi. Akwai yaron da ke bin ta a baya yana kwaikwayon dariyar. Wata rana ina yi mata wanka ta ɗago kai ta ce, "Mama, in na kalli mutum da yawa, zai mutu?" Tun daga ranar na lura ba ta duban mutane a ido. Ƙasa take kallo in ana mata magana.

Yohanna kuwa, kawun yarinyarsa ya aiko cewa a dakata da maganar aure sai an binciki asali. Mun san ma'anar wannan. Fastonmu ya je, ya yi bayani, suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi ruwa, suka ce ai su ma sun san fim ne, amma dai a dakata. Yohanna bai ƙara ambaton sunanta ba. Yana fita da sassafe ya dawo ya kwanta, ya daina cin abinci tare da mu.

Amma wanda ya fi karya ni shi ne na Inna Dudu. Maƙwabciyarmu ce, Bafulatana, tsohuwa kamar Mama. Katanga ɗaya ta raba mu. Ita Musulma, Mama Kirista, amma in an yi Sallah kwanonmu ne farkon fita daga gidanta, in an yi Kirsimeti nata ne farkon fita daga namu. Ranar da Mama ta rasu, ita ce ta fara shigowa, ta zauna ta riƙe ƙafafun gawar tana kuka. Tana da jika, Buba, wanda ƙyanda ta kashe bara waccan. Yaron ya saba da Mama ƙwarai. Kullum ta dawo kasuwa sai ya tare ta a ƙofa, ta ɓare masa gasasshiyar doya ta sa masa a baki.

Bayan kaset ya fito, sai na ga Inna Dudu ta rage shigowa. Ran nan da yamma ina tsince shinkafa ta yi sallama. Ba ta zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba, ta tsuguna a bakin ƙofa. Muka gaisa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Rifkatu, 'yata, kada ki yi fushi da ni. Ni ban yarda ba, Allah ya sani ban yarda ba. Amma ba na iya barci. Kafin Saratu ta cika, ta ce miki wani abu a kan Buba?"

Ranka ya daɗe, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba zargi ta zo yi ba, roƙo ta zo yi in cire mata abin da ka dasa mata. Na ce, "Inna, ke kika riƙe ƙafarta." Ta ce, "Na sani." Ta share ido ta ce, "To me ya sa suka zaɓe ta, duk tsofaffin kasuwa?" Kai kake da amsar wannan. Ta tashi ta fita, kuma daga ranar gaisuwarmu ta koma ta kan katanga.

Na biyar, gidan kallo.

A bayan gidanmu akwai rumfar da ake nuna bidiyo. Fim ɗinka ne ke kawo musu jama'a, don haka kusan kullum sai sun sa shi. Lasifikarsu tana jingine da bangon ɗakin girkina. Ina cikin tuƙa tuwo sai in ji karnukan nan sun fara haushi, in san abin da ke tafe. Duk yadda kuka lalata dariyar, akwai wani ɗan wuri a farkonta, kafin ta koma ta dodo, inda take tata ce sak, yadda take yi in Yohanna ya ba ta labarin masu kawo masa gyaran babur. Nakan tsaya da muciya a hannu ina jiran wannan ɗan wurin. In ya wuce sai in toshe kunne.

Daga baya na fara shiga rumfar da kaina. Nakan lulluɓe kaina in zauna a bencin baya cikin samari, in jira ta fito. Ina zan je in gan ta in ba nan ba? A wani zuwan ne na sa yatsu a kunne na kafa ido a kan bakinta kawai. Sai na gane. Na san yadda leɓenta ke motsi in za ta kira ni. A daidai wurin da muryar ke lissafa yaran da aka cinye, Mama sunayenmu take kira. Rifkatu. Yohanna. Hannatu. Har da Buba, wanda ya riga ya mutu a lokacin. Ina jin addu'a take yi masa. An ce ta faɗi abin da ta ga dama, sai ta gaishe da 'ya'yanta. A kan wannan gaisuwar kuka ɗora muryar.

Na fito daga rumfar ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Washegari na je wurin wakilinka. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurare ni yana jera kaset a kantar shagonsa. Da na gama ya ce, "Madam, ai fim ne. Kuma kaset ya riga ya tafi, har garin Mutum Biyu an kai, masu kwafa sun kwafa. Ki yi haƙuri, ki ɗauka tsohuwa ta yi suna." Ya miƙo mini kaset ɗaya wai kyauta. Na bar masa a kan tebur.

Saboda haka, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon a cire fuskar mahaifiyata daga kwali da takardun talla, a kuma yanke ta daga duk kaset ɗin da za a buga nan gaba. Na san waɗanda suka fita sun fita.

Ina roƙon a yi sanarwa a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Mumuye, cewa matar da aka gani ba 'yar wasa ba ce, ba ta san abin da za a yi da hotonta ba, kuma muryar ba tata ba ce. A faɗi sunanta, Saratu.

Ina roƙon kwamitin biki, kafin ya sake ba wani kyauta, ya riƙa tambaya ko mutanen da ke cikin fim sun san suna ciki. Ban ce a ƙwace kyautar ba. Ku kuka bayar, ku kuka san abin da za ku iya kallo a kan teburinku.

Ina roƙon, in ba a goge ba, a ba ni asalin kaset ɗin kasuwa, wanda ke da muryarta. Ba kotu zan kai shi ba. Zan aro bidiyo in kira Inna Dudu, ta zauna ta ji da kunnenta abin da ƙawarta ta faɗa game da jikanta.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran nauyi, na sani. Ka zo Jalingo da kanka, ba da kyamara ba, ba da wakili ba. Ka shiga kasuwa ranar da take cike da jama'a, ka tsaya inda Mama take zama, ka faɗa wa mutane da bakinka yadda aka yi. Mutanen nan sun yarda da kai a zaure, za su yarda da kai a kasuwa. Ni in na faɗa, 'yar mayya ce ke kare uwarta. Ba za ka sha wahalar gane wurin ba. Layin masu doya a cunkushe yake, mata har faɗa suke yi a kan inda za su ajiye buhu. Amma akwai gurbi ɗaya a tsakiya da aka bari fili, mai share kasuwa ma kewaye shi yake yi. Nan ne.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka basira a sana'arka, ya ba ka labarai masu kyau da za ka ba mutane. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, ya sa ka rabu da ita lafiya. In ta riga mu, Allah ya ji ƙanta, ya bar mata sunanta yadda ta tafi da shi.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,

Rifkatu 'yar Saratu,
Majidaɗi, Jalingo.